Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar tsiron da ya mamaye ƙasan kurmi

Duk wanda ya shiga kurmi sama yake fara kallo, kuma daga nan kuskure ke somawa. Manyan itatuwa ke ɗauke ido, amma a dazuzzukan ƙasashen sanyi yawancin nau'o'in tsirrai suna ƙasa ne, ba su ko kai gwiwa ba. Wanda ya ƙirga itatuwa kaɗai ya ce ya san dajin, bai ga komai ba tukuna. Gyaran shi ne a durƙusa. A auna fili mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, a kafa turaku a kusurwoyi, a rubuta duk abin da ya tsiro a ciki, sannan a dawo wurin a wani lokaci na shekara. Wannan dawowar tana da muhimmanci: a dazuzzukan Turai da itacen Fagus sylvatica ya mamaye, ƙananan furanni kan fito su gama rayuwarsu a farkon bazarar can, kafin itacen ya yi ganye ya rufe sama. Wanda ya zo bayan wata biyu sai ya rantse ba abin da ke tsirowa a wurin.

Kuskure na biyu shi ne ɗora wa inuwa laifin komai. Gaskiya ne a kurmin wurare masu zafi da yawan ruwa, hasken da ke isa ƙasa bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Sai dai itace na da wasu hanyoyin danne na ƙasa da shi. Ka tura hannu cikin busasshen ganyen da ya taru a gindinsa: idan yatsunka suka nutse kafin su taɓa ƙasa, to ƙaramin iri da ya faɗo nan zai tsiro ya bushe saiwarsa ba ta kai ga danshi ba. Mai babban ƙwaya ne kawai ke da guzurin hudowa. Ga kuma saiwoyi da ke shanye ruwa a saman ƙasa. Kafin a yanke hukunci, a kwashe ganyen a ɗan wuri, a bar na kusa da shi yadda yake, a ga bambanci bayan shekara.

Wasu kuma da sun ga fili fayau a gindin itace sai su ce guba yake fitarwa. Akwai masu yin haka, kamar Juglans nigra na Amurka, amma ba su kai yawan da ake zato ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne share tsiron da ya mamaye wurin gaba ɗaya a rana ɗaya. Niyyar mai kyau ce, a ba ƙanana sarari. Amma idan haske ya kwararo lokaci guda, masu saurin girma ne ke cin moriyarsa, tsirran da suka saba da inuwa kuma su ƙone. An kori mai danniya, an naɗa wanda ya fi shi. A Birtaniya, wani gajeren itace mai furanni, Rhododendron ponticum, da aka shigo da shi a ƙarni na 18 don ado ya rufe ƙasan dazuzzuka da yawa, kuma idan aka sare shi aka tafi, daga kututturen yake sake tohowa. Aikin na bukatar a buɗe ƙananan gurabe, kwatankwacin wanda itace ɗaya ke bari idan ya faɗi, a riƙa komawa shekara bayan shekara ana cire toho.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba: wa ya ba tsiron da ya mamaye wuri wannan dama? A dajin Allegheny da ke jihar Pensilbaniya ta Amurka, barewa ta yi yawa, tana cinye 'ya'yan itatuwa masu tasowa tana barin wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu, Dennstaedtia punctilobula, domin ba ta son sa. Da haka ya shimfiɗu ya hana sauran tashi. Tuge shi ba tare da an rage barewa ko an kewaye wurin da shinge ba, aikin baban giwa ne. A wasu wuraren kuma yawan sinadarin nitirojin da ke sauka daga gurɓatacciyar iska ne ke zama kamar taki, yana ƙara wa tsirrai masu haɗama ƙarfi.

A ƙarshe, kada a ɗauka duk inda nau'i ɗaya ya rinjaya dajin ya lalace. A yankin kogin Kwango akwai tsofaffin kurmi da itacen Gilbertiodendron dewevrei ya mamaye da kansa, ba da hannun mutum ba. A Japan, gajeriyar gora ta jinsin Sasa kan rufe ƙasa shekaru da dama, sai ta yi fure gaba ɗaya ta mutu, kuma a wannan ɗan tsakanin ne 'ya'yan itatuwa ke samun damar tashi. Kafin a ɗauki adda, a bincika ko tsiron ɗan asalin wurin ne ko baƙo, da kuma tun yaushe ya fara yaɗuwa.