Cokali nawa zan ba shi? Yadda nake auna abincin yaro mai shan nono

Ɗana na fari yana da wata takwas aka fara ja mini kunne a wurin awo, nan Tawa. Wata biyu a jere ana ɗora shi kan sikeli, nauyinsa bai gusa ba, layin da ake ja a karnensa, wato katinsa na awo, ya kwanta maimakon ya hau. Ni kuwa na rantse yaron yana ci. Kofi guda cike da koko yake shanyewa da safe, da la'asar ya ƙara wani. Malamar awon dattijuwa ce, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ɗiyata, gobe ki zo mini da abin da kike ba shi, yadda kike dama shi a gida." Na kai mata. Ta ɗebo da cokali, ta ɗan karkata shi, koko ya tsiyaye zurrr, ko ɗigo bai tsaya ba. Ta dube ni ta ce, "Kin gani? Ruwa kike cika masa ciki. In ya sha wannan, ina zai sa nono?"

Kuka na yi a hanyar komawa gida. Yau ina goyon na huɗu, kuma abin da na koya daga cokalin nan shi nake gaya wa duk ƙanwar da ta tambaye ni. Abincin yaro mai shan nono ba yawa yake so ba, kauri da kayan haɗi yake so. Cikin yaro ɗan wata shida zuwa takwas ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar mililita 200 a zama ɗaya, ko kofi guda bai cika ba. Wuri ƙarami haka, duk abin da za ki zuba a ciki sai ya zama mai amfani.

Kafin wata shida babu zancen cokali. Nono kaɗai, ko ruwa ban ba su ba, har a zafin watan Afrilu da Mayu lokacin da iskar yankinmu na Adar take busar da maƙogwaro. Na san wannan shi ne inda ake samun saɓani da iyayenmu. Surukata ta sha ce mini, "Ke, jinjiri ba mutum ba ne? Ba ya jin ƙishirwa?" Na ce mata, "Inna, yana ji, shi ya sa nake ƙara sa shi a nono." Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne da ƙura ba ta taɓa ba. Idan ya cika wata shida, ya iya riƙe wuyansa, yana zama in an tallafe shi, yana bin lomarki da ido yana miƙa hannu, to lokaci ya yi. A daidai nan ne sinadarin ƙarfen da ke gina jini, wanda aka haife shi da shi, yake ƙarewa, nono kaɗai kuma ba ya mayar da shi. Jinkirta abinci ya wuce haka ba gata ba ne.

Ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa, shi ne kuma ake koya mana a likita. Kwanakin farko, babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu a rana. Shi ke nan. Kada ki raina shi. Rana ta farko wataƙila rabin cokali ne zai shiga, sauran ya ƙare a haɓarsa da zanenki, domin harshensa bai san wani aiki ba sai tsotso. Ki bi shi a hankali, kina ƙara cokali ɗaya bayan ƴan kwanaki, har tsakanin wata shida zuwa takwas ya kai rabin kofi a zama ɗaya, sau biyu ko uku a rana.

Kofin da ake nufi mai ɗaukar mililita 250 ne. Kofunan gidajenmu kuwa kowanne da girmansa, saboda haka ni dabara na yi. Na sami robar ruwa ta rabin lita, na raba ruwanta gida huɗu daidai, na zuba kashi ɗaya a ƙaramin kwanon da na ware wa yarinya, na shata inda ruwan ya tsaya. Wannan shata ita ce rabin kofi. In kin fi son ƙirga, kusan babban cokali takwas ne.

Daga wata tara zuwa goma sha ɗaya, rabin kofin nan ne dai, amma zama ya koma uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani idan yana nema: ɓallin ayaba, mangwaro mai laushi, dafaffen dankali. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa cikakken kofi, sau uku ko huɗu, yana cin abin da gida ke ci an yayyanka masa.

Wannan ma'auni ba ya aiki sai da kauri. Rabin kofin kunu mai tsayawa a cokali da rabin kofin koko mai gudu ba abu ɗaya ba ne, kamar yadda tiyar hatsi da tiyar dusa ba ɗaya ba ne ko da kwanon awon ɗaya ne. Gwajin shi ne wanda dattijuwar nan ta yi mini. Ki ɗebo, ki karkata cokali. In ya tsaya, ko ya zame a hankali yana jan jiki, ya yi. In ya zuba, ki mayar kan wuta ki ƙara gari. Mata da yawa suna tsoron kauri wai zai shaƙe yaro ko ya ɗaure masa ciki. Kunu mai santsi wanda babu gudaji ba ya shaƙewa. Abin da ke shaƙe yaro shi ne ɗura, a kwantar da shi a cinya a toshe masa hanci a zuba. Wannan kam ina roƙonku, don Allah a bari. Yaro ya zauna, a ba shi da cokali.

Yadda nake haɗa nawa: ina soya hatsi sama-sama, in soya wake da gujiya kowanne daban, in cire ɓawon, in kai inji a niƙa tare, hatsin ya fi yawa. Garin yana zama a roba mai murfi. In zan dama, ina ɗiban na zama ɗaya kawai, in bar shi ya dahu sosai saboda waken, in sauke in zuba ƙaramin cokalin mai. Wata rana in murje dafaffen ƙwai a ciki, wata rana garin busasshen zogale, wata rana kabewa. Ranar Lahadi in maigida ya dawo daga kasuwa da nama, ina roƙonsa ya haɗo da ɗan yankin hanta, in dafa in murje, domin hanta da nama da kifi su ne suka fi mayar da ƙarfen jinin nan. Maganar da ake yi wai ƙwai yana hana yaro magana ko yana sa shi sata, ban yarda da ita ba. Ƴaƴana uku sun ci, bakinsu ya buɗe har ya yi yawa. Wadda ba ta da lokacin haɗawa tana iya neman garin Misola, shi ma hatsi ne da waken soya da gujiya, amma shi ma sai an dama shi da kauri.

Gishiri, magi da yaji ba na sa wa ɗan ƙasa da shekara. In zan ba shi tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, ina ɗebe tasa kafin in zuba su. Zuma sai ya cika shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya yaƙa. Shayin da ake ɗanɗana wa yara in maza sun ɗora buta yana hana jiki zuƙe ƙarfen da ke cikin abinci. Hura kuwa, abincinmu ce, amma yadda muke dama ta da ruwan randa ta yi tsinki ga ƙaramin ciki, kuma ruwan da ba a tafasa ba shi ne hanyar zawo. Gujiya guda-guda da dabino mai ƙwallo a nisanta su daga hannunsa.

Nono kuma ba a rage shi don an fara abinci. Daga wata shida zuwa shekara, rabin abin da jikinsa ke buƙata ko fiye daga nono yake fitowa, a shekara ta biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Allah ya ambaci shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, aya ta 233, likitoci ma a kan haka suka tsaya. A watannin farko na fara abinci, ni nono nake fara ba shi, in bari a ɗan jima, sannan in kawo kwano. Yaron da yunwa ta gigita ba ya karɓar cokali, kuka kawai yake.

Kwanon nan nasa shi kaɗai yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. In kin zaunar da ɗan wata goma a kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce, ke kuma ki ɗauka ya ci. Da kwanonsa kina ganin abin da ya shiga da abin da ya rage. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki zauna kina fuskantarsa, kina yi masa magana. In yana buɗe baki yana bin cokali, ki ci gaba ko ya wuce shata. In ya kau da kai, ya datse baki, ya fara ture hannunki, ya ƙoshi ko ya gaji, ki ɗan lallaɓa shi sau ɗaya ko biyu ki ƙyale. Sabon abu yakan ƙi shi sau da yawa kafin ya saba. Ƴata ta yanzu sai da na kawo mata kabewa kwana daban-daban har na daina ƙirgawa, sannan ta karɓa. Abin da ya rage a kwano kada ki aje shi zuwa yamma, zafin garinmu ba ya barin kunu ya wuni lafiya. Ki shanye ko ki ba yayansa.

In ciwo ya zo, zazzaɓi ko zawo ko haƙori, cin zai ragu. Ki yawaita nono, ki riƙa ba shi abin da ya fi so kaɗan-kaɗan. Bayan ya warke ki ƙara masa zama ɗaya a kan na kullum har kamar mako biyu, don ya mayar da abin da ya zube.

Ko abin da kike ba shi yana isa, sikeli ne zai gaya miki, ba kumatu ba, ba kuma maƙwabciya ba. Ki kai shi awo kowane wata, ki dubi layin karne da idonki, ki tambaya in ba ki gane ba. Akwai kuma igiyar nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a dantse daga wata shida. Kore lafiya lau. Rawaya, ƙasa da santimita 12.5, tamowa ta fara leƙowa. Ja, ƙasa da 11.5, ko ƙafafu biyu su kumbura, wannan ba na gobe ba ne, ki goya shi ki tafi likita a ranar. Ni ina da igiyar a cikin karnen ƴata, duk Juma'a bayan na yi mata wanka nake zagaya ta a dantsenta na hagu.