Babur ɗin da zai iya hanyoyin ƙasar Zuru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai shirin sayen babur don zirga-zirga tsakanin Zuru, Ribah da Dirin Daji, kada kyan fenti ya ruɗe shi.

Fara duba inji. Mai 100cc yana ƙoƙari a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da goyo da buhun dawa a baya, hawan dutse zai sa shi nishi. Nemi 150cc. Sai ka durƙusa ka leƙa tazarar inji da ƙasa, domin babur mai gajerun ƙafafu dutse ɗaya ya isa ya fasa masa ciki, mai ya tsiyaye a daji. Rim mai waya ya fi na alminiyam jure gargada, in ya lanƙwashe a miƙe maka shi, wancan kuwa tsagewa yake.

Ni dai Bajaj Boxer nake zaɓa, saboda da wuya ka shiga kasuwar ƙauye ka rasa bakaniken da ya san shi, ga kayan gyara a kusa.

A gangara sauko da giya ta biyu, kada ka dogara da birki kaɗai, zafi yake ɗauka. Riƙe filogi, tif da famfo. Don Allah ka tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin ka tashi, kuma kada magariba ta riske ka a daji.