Ƙarar da mashin ke yi a silo: a fara duba ƙusoshin inji

Mashin yakan zo gareji yana ƙwaf-ƙwaf a silo, wato inji na aiki ba a murɗa totur ba, mai shi ya rantse bawul ne ko tamin cen, sarƙar da ke cikin inji. Ni ba na barin yarana su taɓa murfin inji sai mun duba ƙusoshin da suka ɗaure shi da shasi. Inji mai silinda ɗaya, irin na Boxer da Jincheng, yana jijjiga sosai a silo, don haka noti ɗaya ya yi sako-sako sai ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe.

Ɗora mashin a dabul sitan, sa shi firi, bari ya yi ɗumi. Kama kuloci. In ƙarar ta ɗauke, matsalar kuloci ce. In tana nan, taka jikin inji da takalmi ka danna, ka kiyayi salansa. Ƙarar da ta ragu ko ta sauya, daga wurin ɗauri take. Ta bawul siririya ce, tana bin totur, taku ba ya kashe ta.

Kashe inji ka sunkuya. Abin da nake nema shi ne jan gari kamar barkono kewaye da washa, ko wurin da fenti ya goge ƙarfe yana ƙyalli. Nan ne yake motsi.

Wajen gyara ake ɓarna. Kada ka zura bututu a sifana ka murɗe noti ɗaya iya ƙarfinka. Tallafi inji daga ƙasa da katako, sassauta duka, na gaba da na baya da na sama in akwai, ya zauna daidai, sannan ka ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Ƙusar da zarenta ya cinye a sauya ta da mai lamba 8.8 a kanta, alamar ƙarfinta, a sa sabon noti mai kulle. Ramin farantin da ke riƙe inji da shasi in ya buɗe ya zama kamar ƙwai, ɗauri ba zai riƙe ba, sai sabo. Sikuta kuwa bushin roba ne da ita a wurin ɗaurin inji, in ya tsage a sake.

In shasin ne ya tsage, sai mai walda, bayan an sauke tanki an cire wayar batir.

Daidaita silo wajen juyin inji 1,400 a minti, don in ya yi ƙasa jijjiga ƙaruwa take. Bayan mako ɗaya a sake bin notikan da sifana.