Rigar da Ka Sa da Safe Tana Iya Ɓata Maka Yini

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka tsaya bakin Babbar Kasuwa da ƙarfe biyu na rana ka ga yadda ake cacar baki kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kowa zai ce maka, "Wanga zahi na." Ba a ƙi ta tasu ba. Sai dai ka lura da wanda ya fi kowa ɗaga murya: sau da yawa rigarsa ta jiƙe ta manne masa a gadon baya, wuyan rigar ya shaƙe shi, hula ta yi masa zobe a goshi. Tun daga gida ya fito da rabin fushinsa.

Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne sayen yadi da ido kawai. A shago, ƙarƙashin fanka, yadi mai sheƙi yana ɗaukar hankali, ga shi ba ya yamutsewa, ga araha. Galibi irin wannan roba ce ta yi masa yawa. Jikin mutum da gumi yake sanyaya kansa, kuma gumin ba ya amfani sai ya bushe. Auduga tana tsotse shi ta bar iska ta ɗauke. Yadin roba ba ya shan ruwa, sai gumi ya taru tsakanin fata da riga, ka yini kamar wanda aka naɗe a leda. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya iya sauraron dogon bayani, ba ya haƙuri da yaro, karatu ma ba ya shiga. Gyaran ba wuya. Ka roƙi mai shago ya ba ka ɗan zare daga bakin yadin, ka kusanta masa ashana. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi da wari irin na takarda. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Shadda mai kyau auduga ce, amma idan ta sha sitaci da bugu sai ta yi nauyi, iska ba ta ratsa ta sosai. A bar ta ga Juma'a da ɗaurin aure, kada a ɗauke ta zuwa layin banki.

Akwai kuma masu ɗora laifin duka kan launi, musamman mata masu baƙar abaya. Launi yana da nasa, amma ɗinki ya fi shi tasiri. A 1980 wasu masana sun buga bincike a mujallar Nature kan dalilin da ya sa Larabawan jejin Sinai ke sa baƙaƙen riguna cikin rana. Suka gano cewa zafin da ke isa jikin mai baƙar riga bai fi na mai fara ba, domin rigar tana da kauri da faɗi, iska na kewayawa a ƙarƙashinta tana fitar da zafin kafin ya taɓa fata. Buzayen da muke gani a gari da rawani mai baƙin shuni ba su jira wani bincike ba. Abin da ke dafa mutum shi ne baƙin yadi siriri na roba da aka ɗinka ya kama jiki. Saboda haka idan tela ya tambaye ki, "Hajiya, a ɗan matse?" ki ce a sake, musamman hammata da ƙugu. Maza ma haka: kaftanin zamani mai kama ƙirji da siririn wando yana kyau a hoto, amma gwada zaman tahiya da shi. Kakanninmu da suka yanka babbar riga buɗe ta gefe biyu sun san garin da suke ciki.

Hula kuma ba a sayenta da "za ta buɗe". Idan ta matse a shago, ciwon kai za ta ba ka kafin la'asar.

Kuskure na gaba a cikin gida ake yinsa, shi ya sa ba a cika maganarsa ba: yini da kayan da aka kwana da su. Uwargida ta ce ai ba inda za ta. Saurayin da ya gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana jiran aiki ya kai azahar da singileti da gajeren wando, waya a hannu. Daga nan sai kasala, sai a fara cewa "yau ban san abin da ke damuna ba". Ni dai a ganina tufa tana gaya wa mai ita aikin da ke gabansa. A 2012 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Northwestern ta Amurka, Hajo Adam da Adam Galinsky, sun ba ɗalibai farar riga iri ɗaya. Wasu aka ce musu ta likita ce, wasu aka ce ta mai zanen hoto ce. Waɗanda suka ɗauka rigar likita suka sa sun fi mayar da hankali a gwajin da aka yi musu. Daga baya wasu sun maimaita wani ɓangare na binciken ba su sami sakamako iri ɗaya ba, don haka kada a mayar da shi aya. Amma mu ai muna da tamu shaidar duk mako. Dubi tafiyar mutum ranar Juma'a, ya yi wanka, ya sa farare, ya shafa turare ya nufi Masallacin Shehu ko na Bello, ka gwada ta da tafiyarsa ranar Talata. Mutum ɗaya ne. Ko ba ka da wurin zuwa, ka yi wanka da safe ka sa riga wankakkiya mai guga, ko da tsohuwa ce. Ke ma ki ware atamfa biyu ko uku masu sauƙi na zaman gida, daban da zanen barci, daban da na shiga madafa.

Wannan ya kawo mu ga akwati. Gidaje da yawa kaya masu kyau suna ninke ana jiran biki, mai su kuwa yana yawo da waɗanda suka koɗe. Shekara ta zagayo a buɗe, a tarar ɗinkin ya yi kaɗan ko yayinsa ya wuce. Ka fitar da kala ɗaya ko biyu ka riƙa sa su ranakun aiki. Hadisin da ke cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau ya zo ne a kan tambayar mutumin da ke son rigarsa da takalminsa su yi kyau, ba a ce sai ranar Sallah ba.

Kishiyar wannan ita ce ɓare sabon ɗinki ranar da ta fi muhimmanci, ranar ganawar neman aiki ko zuwa gaishe da surukai. Sabon takalmi yana cizo, sabon wuyan riga yana kartar fata, kai kuma hankalinka ya rabu biyu, ana tambayarka kana gyara hannun riga. Ka sa su sau ɗaya ko biyu kafin ranar, a wanke, a goge.

Sai anko. Leshin da aka karɓa bashi don kada a ce ba ki yi ba, daɗinsa na yini ɗaya ne, sauran kwanakin kuwa duk lokacin da kika buɗe akwati mai bin ki kuɗi za ki tuna. Kayan aro ba ya rufe katara. Ba laifi ki ce wa ƙawarki, "Yaya, wannan karon ki yi mini uzuri," ki zo da naki mai launi kusa da nasu.

Da hunturu kuma matsalar juyawa take yi. A Disamba da Janairu ana fitowa da asuba cikin rigar sanyi mai kauri, a ɗora kaftani a kai, zuwa sha biyu rana ta buɗe, ba damar cirewa a ofis ko aji. Ka sa mai sauƙi daga ciki, ta sanyin daga waje, yadda da hantsi ya ɗaga za ka tuɓe ta ka ninke a jaka ko ka rataye bayan kujera.