Yadda ake gyara maɗaukin sauti na tsohuwar jitar cinya

Jitar cinya, wadda ake kira lap steel, asalinta daga Hawai ne: kwantar da ita ake yi a kan cinya, a riƙa zazzame guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin. Ta lantarki ta fara shiga kasuwa a 1932, lokacin da kamfanin da ya zama Rickenbacker ya fito da ita ɗauke da maɗaukin sautin da George Beauchamp ya ƙera. Maɗaukin, wato pickup, shi ne ke ɗaukar karkarwar tsirkiyoyi ya mayar da ita lantarki, kuma ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da siririyar wayar tagulla da aka naɗa dubban zagaye. Idan ka samu tsohuwa ta yi shiru, kada ka yi saurin cire shi. Rabin darajar jitar yana jikinsa, kuma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba.

Fara da sauya wayar amfilifaya. In ba a dace ba, samo mita irin ta masu gyaran rediyo, ka sa ta a kan awon om, wato ma'aunin tirjiyar waya ga wucewar lantarki. Soka waya a jitar, buɗe boliyum har ƙarshe, ka ɗora bakunan mitar biyu a ɗaya kan wayar, ɗaya a tsini ɗaya a jiki. Maɗaukin jitar kamfanin Fender, kamar Champion ta farkon shekarun 1950, yakan nuna om dubu kaɗan. Na Rickenbacker na kafin yaƙin duniya na biyu awonsu ya fi haka ƙasa, domin wayarsu ta fi kauri, saboda haka kada ƙaramin awo ya ruɗe ka. Abin tsoro shi ne mita ta ƙi motsi sam, ko ta faɗi kusan sifiri.

Yanzu sai buɗewa. Sassauta tsirkiyoyi, kuma kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Duba ramin jak, inda ake soka waya, da boliyum, nan tsatsa ta fi zama. Fesa musu maganin wanke lantarki, ka sabunta dalmar duk inda ta dushe ko ta tsage. Sannan ka cire ƙafa ɗaya ta maɗaukin ka auna shi shi kaɗai.

Idan awo ya yi daidai amma murya ta raunana, maganaɗisu ne ya yi sanyi. Wannan ciwon masu siffar takalmin doki ne na Rickenbacker, waɗanda tsirkiyoyi ke ratsawa ta cikinsu. Caji ake sake yi wa maganaɗisun, ba a jefarwa. Sa alama a kowane ɓari kafin ka kwance, domin in ka juya fuskarsu wajen mayarwa, sautin zai lalace.

Idan kuwa naɗin ne ya tsinke, a nan ake bukatar haƙuri. Wayar ta kai gashin kai siranta, lamba 42 ce a ma'aunin kaurin waya a yawancinsu. Da gilashin ƙara girma, duba wurare biyun da take haɗuwa da wayoyin fita. Sau tari a nan take cin amana, kuma ɗigon dalma ɗaya ya wadatar, amma kada ƙarfen dalma ya daɗe a wurin, don tsohon kwali da roba ba sa jure zafi. In tsinkewar tana waje-waje, warware zagaye kaɗan a hankali har ka kamo bakin da ke da rai, ka kankare fentinsa, ka haɗa. Asarar zagaye goma ko ashirin kunne ba zai ji ta ba. In a can ciki take, sai sabon naɗi, kuma wannan ba aikin mai naɗin fanka ko janareta ba ne, wayarsa ta yi kauri da yawa. A Amurka akwai waɗanda suka shahara da shi, irin su Lindy Fralin da Jason Lollar.

Sauya maɗaukin da sabo shi ne dabara ta ƙarshe. Auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta farko da ta ƙarshe kafin ka saya, domin ta jitar cinya ta kan fi ta jitar yau da kullum faɗi, kuma tsirkiyoyinta a baje suke, ba a gantsare ba. Nemi wanda zai zauna a ramin da ke nan. Ni dai ban yarda a sassaƙe katakon da ya haura shekara saba'in saboda sabon kaya ba. Haɗa wayar sauti a ƙafar boliyum, ta ƙasa (ground) kuma a bayansa, ka tabbatar wayar ƙasa da ke zuwa gadar da tsirkiyoyi ke hawa kanta tana nan, in ba haka ba za ta yi ta gurnani.

Kafin ka ɗaure tsirkiyoyi, kunna amfilifaya ƙasa-ƙasa ka ɗan ƙwanƙwasa maɗaukin da sukuddireba. In ka ji ƙwas, aiki ya yi. Daidaita tsayinsa ya bar kamar milimita 3 tsakaninsa da tsirkiya, sannan ka ɗaga ko ka sauke da kunne. Tsohon kuma naɗe shi a ƙyalle tare da kusoshinsa, ka ajiye a akwatin jitar.