Yadda na kashe ƙugin da ya shiga ɗaukar kiɗanmu a Aboabo

Makon jiya muka je ɗaukar kiɗan kalangu a wani gida a Aboabo, nan Kumasi. Ina sa abin sauraro a kunne sai na ji ƙugi a ƙasan sautin, zuuu, ba ya yankewa. Na canja makirufo, na canja wayarsa, yana nan daram. Dattijon da ke mana kiɗan har ya sauke kalangunsa ya ce, "Ɗana, ko mu bari sai gobe?" Na ce, "Baba, a ba ni minti biyar."

Da na duba a kwamfuta, ƙugin a kan 50 Hz yake zaune, wato bugu hamsin a daƙiƙa ɗaya, daidai da bugun wutar lantarkin Gana. Ashe kwamfutar na jone a wannan bango, mikisa, wato na'urar haɗa sauti, a wancan. Ina zare cajar kwamfutar, tsit! Sai na mayar da su duka soket guda, na raba wayar makirufo da ta wuta, da ma kwance suke tare a kan tabarma.

Waƙa biyun da muka riga muka ɗauka, na rage musu ƙarfin sautin da ke kan 50 da 100 Hz kaɗan-kaɗan, don ban yarda zurfin muryar kalangun Baba ya tafi ba.