Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a horon bazara kan ruwan ƙarƙashin ƙasa

Ɗaliban da ake fitarwa horon fili a Kasala da Gadarif, a gabashin Sudan, galibi sun san lissafin aji. A bakin rijiya ake samun matsala, kuma lambar da aka ɗauka ba daidai ba, kwamfuta ba ta gyara ta.

Na farko shi ne awon zurfin ruwa. Wani ya auna daga bakin bututun rijiyar, wani daga ƙasa, a haɗa su a takarda ɗaya. Ku yi alama da fenti a bakin bututun, kowa ya auna daga nan, a rubuta tsawon bututun daga ƙasa. Kada ku zura tef ɗin awo a donki (rijiyar burtsatse mai injin janyo ruwa) da aka kashe injinsa yanzun nan, ruwan bai koma mazauninsa ba. Ku roƙi mai kula da wurin ya bar injin ya kwana a kashe, ku auna da asuba.

Gwajin janyo ruwa ya fi shan ɓarna. Ruwa yana sauka da sauri a farkon tada injin, a nan bayanin yake, amma a nan ɗalibai ke neman alƙalami. Ku raba aiki tun kafin a kunna: mai agogo, mai tef, mai rubutu. A minti 10 na farko a auna kowane minti, sannan kowane minti 5 har awa ɗaya, daga nan a riƙa buɗa tazara. Yawan ruwan da injin ke fitarwa kada ya canja. Ku duba shi da duro mai lita 200: in ya cika a daƙiƙa 40, lita 5 ke nan a daƙiƙa, wato mita kubik 18 a awa. Ku maimaita kowace awa.

Ina ruwan da aka janyo yake zuba? A yashin kogin Gash na Kasala, in kun bar shi kusa, zai nutse ya koma rijiyar, ruwa ya daina sauka, ku ɗauka kun samu rijiya mai albarka alhali ruwa ɗaya kuke juyawa. Ku ja shi da tiyo aƙalla mita 100. In an kashe injin kuma kada a naɗe kaya, a auna dawowar ruwan da tazarar farko. Wannan awon sau da yawa ya fi na farko tsabta, domin babu tangal-tangal ɗin injin a ciki.

Wajen ɗibar samfuri, ruwan da ya kwana a bututu ba shi ake nema ba. A zubar da ninki uku nasa tukuna. Bututu mai inci 6 yana ɗaukar kusan lita 18 a kowace mita. In tsayin ruwan mita 30 ne, lita 540 ke nan, sai a zubar da 1,620. Ku auna pH (ma'aunin tsamin ruwa) da zafi da gishirin ruwa nan take, bayan kun saita na'urar da safe da ruwan gwaji mai pH 4 da 7. Zafi yana ƙara lambar gishiri da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, don haka a mayar da ita kan digiri 25. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta ta shiga kula mai ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa 6. A rubuta mata suna kafin ta jiƙe.

Sai awon ƙasa da lantarki, inda ake kafa ƙarafa a ƙasa a tura lantarki, na'ura ta ba da lambar yadda ƙasar ke tare shi. Baƙar lakar Gadarif tana tsagewa da bazara, ƙarfen da aka kafa a tsaga ba ya kama ƙasa, lambobi su yi ta tsalle. Ku kafa shi sosai, ku zuba masa ruwan gishiri, ku nisanci bututun ƙarfe da shingen waya. Kada kuma ku ga lamba ta yi ƙasa ku ce ga ruwa: laka da ruwan zartsi duk haka suke nunawa. Ku fara awon kusa da rijiyar da aka san abin da aka ratsa wajen haƙa ta, ku gwama, sannan ku matsa sabon wuri.